Kwana Ukun Goggo Hajo a Makarantarmu

Ku 'ya'yana, da ku jikoki masu dannar waya, na sha jin kuna ba juna labarin nan a karkace. Wannan ya ce Baba ya so ya cire ni daga makaranta don ya tsani boko, waccan ta ce ai Goggo Hajo ce ta yi masa tatas a gaban jama'a har ya janye. Duk ba haka aka yi ba. Mahaifina bai tsani boko ba, Goggo kuwa ba ta ɗaga masa murya a kan wannan magana ba, ko da yake a kan gishirin miya ma takan tara wa mutum unguwa. Wasan kwaikwayo ne na talabijin ya kusa raba ni da karatu, ina aji uku na sakandare. Akwai kuma wata a cikin labarin da ba ku san tana ciki ba, za mu zo kanta.

Kakanku Alhaji Bello fataucin hatsi yake yi. Yana sayo gero da dawa daga Kebbe da Sanyinna ya kawo Tambuwal, wani ya wuce da shi gaba. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, bayan an yanka mana jiharmu, kasuwa ta yi masa kyau, ya sayi a-kori-kura, ya kuma dawo daga Sakkwato wata rana da akwatin talabijin mai ƙofofi biyu kamar kabad. Ba mu da lantarki. Duk ranar da za a yi kallo sai ya kwance batirin motarsa ya shigo da shi tsakar gida, ya fita da kansa ya kama doguwar gorar da aka ɗaura wa eriya yana juyawa, mu kuma muna ciki muna ihu, "Ya yi! A'a, ya tafi! Koma baya kaɗan!" Mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo kasuwa, ga shi rungume da gora, mata suna ba shi umarni. Hoton baƙi da fari ne, kuma ko ya yi kyau sai ka ga kamar ana yayyafi a kan mutanen.

A dogon hutun daminar shekarar Goggo Hajo ta zo mana. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ungozoma ce a Kebbe, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ce gwiwa ce ta kawo ta, mako ɗaya za ta yi. Sai ta haɗu da wasan ranar Alhamis, gwiwar kuwa ta ƙi warkewa har mako bakwai.

Wasan a kan wata 'yar makarantar kwana ne. Sunan da aka ba ta a ciki ya ɓace mini, don a gidanmu Mai Jambaki ake ce mata. Goggo ce ta raɗa mata, kuma ta rantse tana ganin jan, a akwatin da ba ya nuna launi. Da an idar da magariba matan unguwa za su cika tsakar gida da tabarminsu, maza kuma su tsaya daga bakin zaure kamar wucewa suke yi. Ni kuwa ina zaune ina cika ina batsewa. Makarantar da suke nunawa ban san ta ba. Ba a buɗe littafi, ba a share fili, ba a jin yunwa. 'Yan matan, waɗanda kowacce ta isa ta haife ni, suna kwance a kan gado suna shan lemo suna gyaran gira. Akwai rami a jikin shinge, akwai wani mai mota da ke jira a bayan ramin, akwai wasiƙa mai ƙamshin turare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rigar. Tamu mai gida-gida ce, kore da fari. Ta wasan ma mai gida-gida ce, Allah kaɗai ya san launinta, amma a baƙi da fari duk riga mai gida-gida tamu ce. Na yi bayani har na gaji, matan unguwa suka ce su dai da idonsu suka gani, makarantar su Balkisu ce.

A mako na huɗu Mai Jambaki ta fita daga aji a guje ta yi amai a bayan taga, tsakar gida ta ɗauki salati. A na biyar ga ta da ciki. Goggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ƙura ido, ta ja tsaki.

"Wagga ƙwarya ta anka kifa mata," in ji ta. "Ciki ba ya zama a ƙirji. Ku dubi yadda taka tafiya, awa wadda ba ta ɗauke da komi."

Aka yi dariya, har Baba daga bakin zaure. Amma ranar ƙarshe ba wanda ya yi dariya. Aka kori yarinyar, aka wurgo mata akwati waje, iyayenta suka rufe mata ƙofa, ta je gindin wata bishiya ta mutu ana goga goge mai ban tausayi. Sannan wani dattijo ya fito ya dube mu ido cikin ido ya ce iyaye su yi hattara. Da aka rufe ƙofofin akwatin sai na ji idanu a jikina ta ko'ina. Kafin mako ya zagayo, gidaje biyu a unguwarmu sun ce 'ya'yansu ba za su koma ba.

Baba ya kira ni ɗakinsa da hantsi, saura kwana biyar a koma. Bai iya duban fuskata ba, carbinsa yake kallo.

"Balkisu, ba ki yi man laifi ba," ya ce. "Amma ba ki komawa. Ki zauna gida ki ci gaba da littattafai wajen baffanki. Shi ma karatu na."

Ba a yi mana tarbiyyar mayar da magana ba. Na fito na shige ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi ba, na ƙi cin abinci. Ina son makarantar nan kamar raina, da yunwarta da duka. Inna, mahaifiyata, ba ta ce uffan ba, ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira. Sai dai washegari na ga ta wanke rigunan makarantata, ta goge su da dutsen gawayi, ta ninke ta sa a akwatina, ta wuce kamar ba ita ba.

Goggo ce ta tari ƙanenta a tsakar gida yana alwala.

"Bello, kai da ba ka sayen buhun gero sai ka tura hannu har ƙasa ka ga ƙwayar, yau akwati ya faɗa maka magana ka saye ba ka taɓa ba?"

"Yaya, ke ma kin ga abin da anka nuna."

"Na gani. Kuma in hakanan makarantar take, ni da hannuna zan maido maka ita. Amma sai na tafi na gani. Ka ba ni kwana ukku."

Baba ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafa. Can ya ce ya yarda, ranar ta huɗu zai zo da mota, abin da ta faɗa shi za a yi, don ya san ba ta ƙarya. Ni kuwa har rawa na taka a ɗaki. Na san babu Mai Jambaki a makarantarmu, me Goggo za ta gani?

Ranar komawa muka tafi makaranta tare da Goggo. Shugabar makarantarmu mace ce mai fuskar shanu, amma da Goggo ta gama yi mata bayani sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ta ce a ba Goggo shimfiɗa a ɗakin metiron, wato matar da ke kula da ɗakunan kwananmu, wata mutuniyar Jabo. Kafin la'asar sun raba goro sun zama ƙawaye. Daga nan Goggo ta shiga aiki, kuma ta sa ni jin kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Ta bi shingen makaranta kaf da sandarta tana neman ramin. Ta kuwa samu ɗaya a bayan kicin, ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna gadi tun azahar, har mai ramin ta iso, wata jar akuya da 'ya'yanta biyu. Ta tsare maigadi da tambayar motocin da ke tsayawa, ya lissafa mata ta itace da ta ruwa da ta burodi. Ta zazzage akwatina a gaban 'yan ɗakinmu tana shinshina littattafai ko za ta ji turare, ba ta samu komai ba sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji. Ta ga an ba mu langalanga muna saran ciyawa a rana. Ta zauna a bayan ajin lissafi, barci ya kwashe ta har da minshari. Da aka kawo wake da rana ta ɗebi cokali ɗaya, ta dubi ƙwarin da ke iyo a kai, ta dube mu.

"Ku wanga kuka ci kullum? To wallahi mai motar ma in ya zaka, abinci za ku tambaye shi."

'Yan mata suka dinga binta kamar kaza da 'ya'ya, kowa Goggo, Goggo. Na kwanta ranar ta biyu da tabbacin na tsira.

Yanzu ga wadda na ce za mu zo kanta. Inna Dije ce, ta Fakku, wadda kuka taso kuna jin ana ce mata 'yar Goggo. Ba Goggo ta haife ta ba. Ƙawata ce, gadonta na jikin nawa. Marainiya ce, a hannun wani kawunta ta tashi. Ba ta da hayaniya, ba ta da kwalliya, kuma a lissafi ba mai kama ƙafarta, ni kullum ta biyu nake zuwa ina cizon yatsa. Tun da muka dawo hutu na ga ta ƙara yin shiru, ta daina wanka tare da mu, na ɗauka halinta ne.

Safiyar rana ta uku muna layin famfo da bokitai, Goggo na zaune a kan wani dutse tana goga asuwaki. Dije ta cika bokitinta. Ba ta sunkuya kamar kowa ba, sai ta durƙusa a hankali, bayanta a miƙe, ta dafa ƙugu kafin ta ɗaga. Na ga asuwakin Goggo ya tsaya. Ba amai, ba kwaɗayin tsami, ba ko ɗaya daga alamun da wasan ya koya wa duk garinmu. Malamai da metiron da ni mai kwana kusa da ita, duk ba mu gani ba.

"Ke ɗiyata," Goggo ta ce da ita, "aje bokitin ga, zo ki murza man gwiwa."

Suka shiga ɗakin metiron. Na bi su, Goggo ta kore ni, na tsaya a jikin ƙofa, kuma ban yi nadamar laɓewar ba. Na ji ana warware zane, an daɗe ana warwarewa. Ashe ɗaure cikin take yi tamau, zagaye uku, tun da asuba kafin kowa ya tashi.

"Wata nawa?"

"Shidda, Goggo."

"Ba ni tambayarki ko wane na. Amma ɗaurin ga ya ƙare yau."

Sai Dije ta fashe da kuka, irin na wanda ya daɗe yana haɗiyewa. Ita ma ta kalli wasan a gidan maƙwabtansu, har ƙarshe.

"Goggo, mutuwa zan yi ko? Hakanan anka nuna."

"Akwati bai taɓa karɓar haifuwa ba," in ji Goggo. "Ni na karɓa. Ba ki mutuwa sai kwananki sun ƙare, kamar kowa."

Abin da na sani game da yadda aka yi, ɗaya ne tak: a gida abin ya same ta, a hutun da ya gabaci na damina, ba a makaranta ba. Ban taɓa tambayarta fiye da haka ba, ku ma kada ku tambaya.

Zan faɗa muku abin da ba ya yi mini daɗin faɗa. Da Goggo ta fito, ba halin da ƙawata ke ciki ne ya fara zuwa raina ba, kaina na tuna. Na ja Goggo bayan ɗaki na durƙusa na riƙe ƙafarta, na ce don Allah kada ta gaya wa Baba, ai mutum ɗaya ce, ai ba a nan aka yi ba, in ya ji shi ke nan na rasa makaranta. Ta dube ni har sai da na saki ƙafar.

"Ban yi wa Bello ƙarya muna yara ba, ba ni farawa da furfura," ta ce. "Tashi ki ɗebo wa ƙawarki ruwanta, ta bar bokiti a famfo."

Na je na ɗauko bokitin ina jin haushin Goggo, ina jin haushin Dije, ina jin kunyar kaina. Da yamma Goggo ta shiga ofishin shugaba, suka daɗe. Doka ba ta barin Dije ta zauna, wannan ba mai iya canza shi. Amma ba a tara ɗalibai an kira sunanta ba, ba a wurgo akwatin kowa ba. An ce ba ta da lafiya, za ta tafi gida. Gidan kawun kuwa ta ce gara ta shiga daji.

Ranar ta huɗu da hantsi Baba ya iso, ya tsayar da motarsa a inuwar dogon yaron bakin ƙofa. Akwati biyu ya tarar a ƙasa, nawa da na Dije, don Goggo ta ce in haɗa kayana, ba a san yadda za ta kaya ba. Dije na can gefe ta rufe fuska da mayafi. Bayan gaisuwa ya ce,

"To Yaya, mi kig gani?"

"Na ga yunwa. Na ga wake da ƙwari. Na ga ɗiyan mutane suna saran haki awa fursuna, suna karatu har idonsu ya yi ja. Ramin shinge na akuya na. Jambaki ko na magani babu." Ta numfasa. "Sai ɗaya."

"Ɗaya mi?"

"Ɗaya mai ciki. Ga ta can."

Baba bai ko juya ya dube ta ba. Fuskarsa ta yi nauyi, ya ce da ni a hankali, "To magana ta ƙare. Balkisu, sa akwatinki a mota."

Na sunkuya na kama hannun akwatin, idona ya rufe da hawaye. Goggo ta ɗora sandarta a kan murfin. Muryarta ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ta yi magana a hankali haka ba.

"Bello, shekara nawa nika yankan cibi a Kebbe?"

"Tun ban yi aure ba."

"Sau nawa anka biyo ta ƙofar baya anka kira ni, haifuwar da ba guɗa, ba rago, ba taron suna? Ba ni faɗa maka, da su za a rufe ni. Amma yau zan faɗa maka abu guda da ban taɓa faɗa ma kowa ba: ko ɗaya cikinsu ba ta taɓa riƙa fensir ba. Wagga ma ba nan abin yas same ta ba. Gida na, cikin hutu. Ba gidanka nika zagi ba, ka sani. Ce maka nika yi, abin da kaka tsoro ba makaranta ta ƙirƙiro shi ba, kuma cire ɗiyarka ba ya maganinai."

Baba ya cire hula, ya share goshi, ya mayar. Sannan a karo na farko ya juya ya dubi Dije.

"Ita fa, ina za ta?"

"Gidana."

"Yaya, mutane fa?"

"Mutanen ni na yanke masu cibi."

Ya taka da kansa, ya wuce akwatina, ya ɗauki na Dije ya sa a bayan mota. Ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ce ta zauna kusa da Goggo, hanyar Kebbe ba ta da kyau. Da ya zagayo zai shiga sai ya tsaya a gabana ya ce,

"Ki yi karatu. Waken ma ki ci."

Haka na koma aji. Amma kada ku ɗauka abin ya tafi a kyauta. A Kebbe gidaje da dama suka daina kiran Goggo haihuwa, wai ta ajiye abin kunya a ɗakinta. Matar da ba a yin suna sai da ita ta koma kaɗin auduga da sayar da daddawa, shekaru. Ta yi mita a kan gwiwa, ta yi a kan tsadar kalwa, amma a kan wannan ban taɓa jin ta ce kanzil ba. Dije ta sauka lafiya a hannunta, namiji. Ranar suna Baba ya loda rago a motarsa ya kai, ya zauna a ƙofar gidan tun safe don duk mai wucewa ya gan shi. Yaron shi ne yayanku Usman. Dije ba ta sake shiga aji ba. Ni na zama ta ɗaya a lissafi daga shekarar, kuma ban taɓa jin daɗin wannan ɗayan ba, na san kujerar wa na hau. Ita ta koyi aikin Goggo, daga baya ta auri wani tela a Fakku, kuma gidajen da suka juya musu baya sun dawo suna sallama a ƙofarta. Biyu daga cikinku ita ta yanke muku cibi. Baba kuwa ya ce shi daga yau labarai kawai zai riƙa kallo, amma duk Alhamis sai ka gan shi a bakin zaure, kuma da an nuno mai ciki zai ce, "Wagga ma ƙwarya ta."

Bara Dije ta zo mini kwana biyu a nan Tambuwal. Muna zaune a falo da rana muna shan fura, jikata Hafsatu ta kunna wani wasa a wannan faffaɗan talabijin mai launi. Sai ga 'yar makaranta ta toshe baki ta fita a guje. Muka dubi juna. Dije ta ajiye ludayi.

"Balki, har yau sai sun kashe ta a ƙarshe?"

"Galibi," na ce. "In ba su kashe ta ba su haukatar da ita."

Ta ci gaba da kallon yarinyar, wadda wannan karon jambakinta ja ne sosai, Goggo ba ta nan balle ta ce ai ta faɗa.

"To in kin tashi rubutun ga naki, ki sa sunana," ta ce. "Ki ce ban mutu ba. Ki ce na haifi Usman, na ga jikokina, na yanke cibin rabin Fakku. Wataƙila akwai wata tana can tana ɗaure ciki da zane, ba ta ga kowa ba sai ta akwati."

Ga shi na sa. Tana can Fakku yau da nake wannan rubutu, gwiwa na damunta kamar Goggo. Ku je ku gaishe ta.